Abin da awon tamowa ya koya mini

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A aikin tamowa ba na yarda da ƙimar ido. A ƙaramin asibitin da nake awon yara cikin birnin Kano, ramammen yaro kowa na ganinsa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai kumatu, ƙafafu suntum, kakarsa tana cewa, "Malama, ai wannan ƙiba ya yi." Sai in danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu, in ƙirga daƙiƙa uku, in ɗaga. Idan gurbin yatsan ya zauna, kumburi ne, kuma sikeli zai ruɗe ka domin ruwan ma yana da nauyi. Wannan tamowa ce mai tsanani, ko me tef ɗin awon damtse ya nuna.

Shi tef ɗin na yara ne daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5. Ana naɗa shi a tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, wato matsakaiciya, sama da haka kore. Sai dai milimita biyu kacal na iya raba yaron da za a ba abincin tamowa da wanda za a sallama. Uwa ta biya kuɗin adaidaita sahu daga nesa, ta zuba maka ido. Ka ɗan matse tef, ya faɗa ja. Ka sassauta, ya fita. Da waɗannan alƙaluma UNICEF da gwamnati ke lissafin katan nawa na abincin za a kawo, saboda haka tausayin hannu ɗaya kan rage rabon wani yaron.

Abincin kuwa gyaɗa ce da madara da sukari da mai, ƙunshi guda kalori 500. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, ya yi suna a yunwar Nijar ta 2005, musamman a Maraɗi. Kano garin dalar gyaɗa, yau ga gyaɗa tana zuwa mana a katan! Idan mako ya zagayo damtse bai motsa ba, kafin in zargi gudawa ko zazzaɓi nakan tambaya, "Maman yaro, su nawa ne a ɗakin?" Sau da yawa ƙunshin mutum ɗaya yara uku ke lasa, kuma ban ga laifinta ba.

Akwai kuma yunwar da tef ba ya kamawa, wato tsumburewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun gaza tsayin shekarunsu. Allon awon tsayi ne ke tona wannan. Irin yaran nan kan fito kore, su koma gida kan koko tsura, sunansu bai shiga rajistar tallafi ba.