Yadda na zaɓi inda zan yi digiri na biyu a fannin eriya da rada

Wata 'yar eriya da ba ta kai tafin hannu ba ce ta nuna mini abin da nake nema. A shekarar ƙarshe ta digirina na farko na zana ta a HFSS, manhajar gwada eriya a kwamfuta, na saita ta a kan gigahaz 2.4, zangon da Wi-Fi ke aiki a kai. A fuskar kwamfuta komai ya zauna daram. Da muka fitar da ita a kan allon da'irar lantarki da ake kira FR-4, na liƙa mata mahaɗi da dalma, muka jona ta a na'urar awo, sai ga ta ta zame gefe daga zangon da na saita ta. Kwana uku ina neman inda na yi kuskure. Ashe lambar da na saka wa allon a lissafi ce ba ta yi daidai da allon da ke hannuna ba, domin FR-4 yakan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, ga kuma dalmar da na cika. Kwanakin nan uku sun fi mini duk wata lacca daɗi. A nan na gane cewa ni mutumin awo ne.

Amma da na tashi neman gurbi, sai na manta da wannan. Na buɗe jerin manyan jami'o'in duniya, na ɗauki na sama-sama, na fara cike takardu. Wani da ya riga ni shiga harkar ne ya tsayar da ni. Ya tambaye ni wane malami zan zauna a ƙarƙashinsa, kuma me ɗalibansa suke taɓawa da hannu. Ban iya ba shi amsa ko ɗaya ba.

Sai da na zauna na yi bincike na ga cewa suna ɗaya ne ya lulluɓe sana'o'i daban-daban. Akwai masu lissafi zalla, waɗanda ke rubuta manhajar warware ƙa'idojin lantarki da maganaɗisu da masanin kimiyya Maxwell ya fitar a 1865, su bi hanyoyi irin wadda Kane Yee ya kawo a 1966. Ɗalibi a wajensu kan iya gama karatu bai taɓa waya ba. Akwai maƙera eriya da da'irorin maikuroweb. Sai kuma masu rada, na'urar da ke aika igiyar rediyo ta saurari dawowarta, ta faɗi nisan abu da gudunsa. Abin da ya ba ni mamaki, da yawa daga cikin masu rada aikinsu tace sigina ne, ilimin ƙididdiga da lissafin Fourier mai rarrabe sigina zango-zango, eriyar kuwa sayo ta suke yi. Da na faɗa wajensu ina zaton zan ƙera abu, da na sha wuya.

Daga nan na sauya salo. Na riƙa buɗe mujallar eriya ta ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, ina duba abin da kowane malami ya wallafa a shekara uku da suka wuce. Ba duka nake fahimta ba, hotuna nake bi. In na ga layin hasashen kwamfuta da layin awo na zahiri an ɗora su tare a zane ɗaya, da hoton abin da aka ƙera kusa da rula, na san akwai ɗakin gwaji mai aiki. Ina kuma duba ko sunayen ɗalibai ne a gaba. Bayan haka na rubuta wa ɗaliban da kansu, domin su ne za su faɗa maka gaskiya: sau nawa suke ganin malam a wata, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin awo, kwana nawa ake jiran layi, na'urar awonsu ta kai gigahaz nawa. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi. Radar mota tana aiki a wajajen gigahaz 77, inda tsawon igiya bai cika milimita 4 ba. Wanda na'urarsa ta tsaya a gigahaz 20 ba zai auna maka wannan ba, komai sunan jami'arsa.

Akwai wani abu da na so a ce an gaya mini tun farko. Fannin nan da harkar tsaro tare suka taso. Ɗakin binciken ElectroScience na Jami'ar Jihar Ohio an kafa shi a 1942, ana tsakiyar yaƙi, ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT kuma a 1951, domin kare sararin samaniyar Amurka. Har yau kuɗin bincike mai yawa daga can yake fitowa, kuma dokoki irin ITAR, na Amurka kan fasahar makamai, suna hana baƙo shiga wasu ayyukan. Wani malami a wata jami'a dabam ya amsa mini da mutunci cewa yana son takarduna, amma duk kuɗin da ke hannunsa na irin wannan aiki ne. Na ji zafin abin, sai dai ya hutar da ni. Na karkata ga ayyukan farar hula: radar mota, ta hasashen yanayi, eriyar tauraron ɗan'adam da ta wayar salula. A Turai ma akwai wuraren da suka yi suna, irin su jami'o'in Delft da Chalmers, da jami'ar fasaha ta Denmark (DTU) mai ɗakin awon eriya tare da hukumar sararin samaniyar Turai.

A ƙarshe gurbi biyu suka rage mini. Ɗaya jami'a ce da kowa ya san sunanta, ɗayar kuwa sai na yi wa mutane bayanin inda take. Malamar ta biyu ta kira ni ta bidiyo, ta miƙa wayar ga ɗalibinta ya zagaya da ni. Ya tura wata ƙofa mai nauyi, sai ga bango da rufi duk an jera musu soso mai tsini, shuɗi, wanda ke shanye igiyar rediyo don kada ta dawo ta ɓata awo. Ya ce bayan horon mako biyu za a ba ni nawa mabuɗin. Tallafin karatun ma a rubuce ta aiko shi, da adadin watanninsa. Daren nan na karɓa.

Zangon farko ya jijjiga ni, don na raina lissafin bekta da na lambobin kwamfiles, sai da na koma musu daga tushe da daddare. A wata na huɗu na shiga ɗakin sosan ni kaɗai, na ɗaura eriyata a kan sandar juyawa, na fito na rufe ƙofa, na zauna ina kallon layin awo yana hawa kan layin kwamfuta sannu a hankali.