Kalanda a ofis, imel a waje

Ƙungiyar manoma ko makaranta a karkarar Jigawa, mai ma'aikata goma sha biyar, ba dole ta riƙa biyan dala kan kowane mutum duk wata don imel da kalanda ba. Za ta iya ɗora su a kan sabarta, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana raba wa sauran na'urori, amma a raba aikin kashi biyu.

Lambobin waya da ranakun taro ba wuya. Radicale, manhajar da ke ajiye lambobi da kalanda a saba, ya wadatar, ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ma na ɗaukarsa da sola da batir ɗaya. A sa DAVx5 a wayoyin Android, Thunderbird a kwamfuta, su ne manhajojin da za su haɗa na'urorin da Radicale. Sakatare na gyara lamba, sai ta bayyana a wayar duk wanda ya hau wayfai ɗin ofis.

Imel kam, kada a kuskura a ajiye sabarsa a ƙauye. Datar waya ba ta ba da adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) tsayayye, galibi kuma an toshe ƙofa ta 25, wadda sabobin imel ke aika wa juna wasiƙa ta cikinta. A yi hayar saba a intanet, a ɗora mailcow, manhajar sabar imel, mai buƙatar RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) aƙalla 6 GB. Sai a saita SPF da DKIM da PTR, bayanan da sauran sabobi ke dubawa su tabbatar da inda wasiƙa ta fito. In aka manta PTR, Gmail kan mayar da wasiƙar ko ya jefa ta kwandon shara, mai ita na can yana zaman jiran amsa.

Duk Juma'a a kwafe komai a wani faifai, a sa a durowa saboda ƙurar hunturu.