Yadda na haɗa firinta mai wayifai da sikanarta a kwamfutar shagon Yaya

Firintar nan da Yaya ya siyo wa shagonsa na buga takardu a Samaru irin mai tankin tawada ce, tana firintin, tana kwafi, tana sikanin, kuma ba ta buƙatar waya tsakaninta da kwamfuta. A kwalin akwai faifan CD na direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firintar, amma laftof ɗin shagon ba ta da wajen saka faifai, yawancin na yanzu ma ba su da shi, don haka ya kira ni ya ce in zo in duba.

Abu na farko da ya tsayar da ni tun kafin a kai ga maganar direba shi ne firintar ta ƙi ganin wayifai ɗin shagon sam, alhali duk wayoyinmu suna kansa. Da na shiga saitin rawutar, wato na'urar da ke ba da wayifai, sai na ga ashe a kan zangon 5GHz take watsawa, su kuma yawancin ƙananan firintocin nan 2.4GHz kaɗai suka sani, ko kusa da rawutar ka ajiye su ba za su gan ta ba. Na kunna 2.4, na danna maɓallin WPS na rawuta, wanda ke haɗa na'ura da wayifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba, na zo na riƙe maɓallin wayifai na firinta kafin minti 2 su cika, fitilar ta gama ƙyaftawa ta tsaya cak. Idan taka rawutar ko mifi ba ta da WPS to ta manhajar kamfanin firintar a wayarka za ka saka wa firintar kalmar sirrin wayifai.

Daga nan na shiga Settings na Windows 11, Bluetooth & devices, sannan Printers & scanners, na danna Add device, nan take firintar ta fito, na buga takardar gwaji ta fita tas. Yaya har ya fara cewa Allah ya yi maka albarka, na ce Yaya tsaya tukunna mu gwada sikana. Ai kuwa shiru, kwamfutar ba ta ma san akwai wata sikana ba. Abin da ya kamata duk mai irin wannan injin ya sani kenan, jiki ɗaya ne amma a wajen kwamfuta na'ura biyu ce, kowacce da direbanta, wanda Windows ke ɗorawa da kanta sau da yawa na gama-gari ne, zai buga maka takarda amma ba lallai ya tayar da sikana ba, kuma ba zai nuna maka saitin wanke kan tawada ba wanda shi ne rayuwar irin wannan firintar.

Sai na je shafin kamfanin da ya ƙera ta na rubuta lambar model ɗin daidai yadda take a jikinta. Don Allah a kula da wannan wajen, in ka rubuta a Google shafukan da ke fara fitowa da katon maɓallin saukewa da yawansu ba na kamfanin ba ne, wata manhajar sabunta direbobi za su cusa maka ta cika maka kwamfuta da talla, wasu har kuɗi za su nema, kuma direba kyauta ne. Na duba kwamfutar 64-bit ce na zaɓi nata, na sauke direban firinta daban na sikana daban. Kowane kamfani da sunan tasa manhajar, Epson suna da Epson Scan 2, Canon suna da IJ Scan Utility. Kafin in ɗora sabon sai da na cire wancan na farko da Windows ta ɗora don kar su zama biyu a jeri yaran shago su riƙa tura aiki inda ba zai fita ba. Na kuma mayar da wayifai ɗin shagon daga Public zuwa Private a kwamfutar, don in yana Public katangar tsaron Windows tana toshe hanyar da na'urori ke ganin juna. Sikana ta tashi.

Matsalar da ta fi cin rai ba ta fito ba sai da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta. Komai ya dawo, fitilar wayifai tana kunne, amma sikana ta ce ba ta samun injin, firintar kuma aka rubuta mata Offline, ga ɗalibai a tsaye da takardun WAEC ɗinsu suna jira a yi musu sikanin. Na sa firintar ta bugo rahoton netwok ɗinta sai na ga lambar IP, wato adireshinta a kan wayifai, ta canza, da tana ƙarewa da 105 yanzu ta koma 102. Rawuta duk sanda ta mutu ta dawo tana iya sake rabon lambobi, ita kuma manhajar sikana tana can tana ƙwanƙwasa ƙofar tsohon gida. A inda wuta ba ta yawan ɗaukewa mutum zai iya daɗewa bai ga wannan ba, mu kuwa kullum ne.

Maganinsa a rawuta yake. Na shiga wajen DHCP, inda rawuta ke rabon lambobi, na ɗaure lambar IP guda a kan lambar MAC ta firintar, wato lambar shaidarta da ba ta canzawa, wadda ita ma tana cikin wancan rahoton, sannan a kwamfuta na buɗe Printer properties, Ports, Add Port, na zaɓi Standard TCP/IP Port na rubuta lambar, na cire alamar da ke kan SNMP Status Enabled tunda tana sa a nuna firinta a kashe alhali lafiyarta ƙalau. A manhajar sikana ma na goge tsohuwar lambar na saka wannan. Tun daga nan ko an ɗauke wuta an dawo da ita suna samun juna. In ka ga rahoton ya nuna lamba mai farawa da 169.254 to firintar ba ta ma samu shiga rawutar ba, kar ka ɓata lokaci a kan direba. In kuma sikana ta ƙi ba gaira ba dalili, buɗe services.msc, wato jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, ka sake tayar da Windows Image Acquisition.

Yaya ya tambaye ni ko ranar da data ta ƙare shikenan ba firintin. Na ce a'a Yaya, saukar da direba ne kaɗai ya ci data, aikin da ke tsakanin kwamfuta da firinta a cikin shago yake yawo ba ya fita intanet, rawutar dai ta kasance a kunne. Na bar musu saitin sikana a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, tana ajiyewa a PDF, wanda zai ɗora a shafin makaranta da ke son ƙaramin fayil sai su sauke zuwa 150.