Abin da aikin dare ya nuna mini game da minsharin yara

Ƙarshen watan nan zan bar ɗakin yara, an mayar da ni sashen koyar da ɗalibai. Ƙannena da ke shigowa aiki sun ce in bar musu wani abu a rubuce. Ba zan taɓa maganar allura da ƙarin ruwa ba, kun san su. Maganar minshari zan yi, domin a kansa aka taɓa ci mini mutunci a gaban ɗalibai.

An kwantar mana da wani yaro ɗan shekara bakwai, ƙafafunsa a kumbure, yana haki. Uwarsa ta ce da aka haife shi jikinsa a sake yake, ko nono bai iya kamawa ba, da cokali aka riƙa ɗura masa. Da ya wuce shekara uku sai abin ya juye, ba ya ƙoshi, sai an ɓoye tukunya. Ga ƙiba, ga ƙananan hannuwa da sawu, ga jinkirin magana. Likitoci suka ce alamun ciwon Prader-Willi ne, wanda wasu likitoci uku a Suwizalan suka fara bayyanawa a 1956. Yana zuwa ne daga tangarɗa a kuromosom na 15, ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado na jiki, a ɓangaren da yaro ke gada daga uba. A gida kuwa dangi sun daɗe da yanke hukunci cewa ɗan ruwa ne.

Da rana gyangyaɗi yake yi, ko da loma a hannunsa. Wanda bai kwana da shi ba zai ce lalaci ne. Ni na kwana da shi. Minsharinsa har ƙarshen ɗaki ake ji, sai kuma ka ji tsit. A wannan shirun ƙirjinsa na ja, ramin wuyansa na lotsawa, cikinsa na hawa da sauka, amma in na kai bayan hannuna hancinsa ba na jin iska. Na'urar yatsa mai auna oksijin a jini da ke nuna 96 sai ta gangaro ƙasa da 80. Can sai ya zabura da wani irin gurnani, ya jefa kai baya, gumi ya jiƙa matashin. Uwar a zaune take kwana, hannunta a kafaɗarsa, da ya yi shiru ta girgiza shi. Ta ce mini, "Sista, haka nake tun yana shekara huɗu. In na yi barci wa zai tashe shi?"

Na rubuta komai a rahoton dare, da lokaci da lambobin na'ura. Da babban likita ya zo zagaye na ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan numfashinsa na ɗaukewa in ya yi barci." Bai ɗago kai daga fayil ba. Ya ce mai irin wannan ƙiba ai dole ya yi minshari, a rage masa tuwo. Da uwar ta ƙara da cewa ba ya samun natsuwa da dare, sai ya rubuta masa maganin sa barci.

Ban ba shi ba. Na kira ƙaramin likitan da ke bakin aiki, na tsayar da shi gaban gadon har ya gani da idonsa, shi ya rubuta a dakata. Dalilina a fili yake. Yaron da maƙogwaronsa ke rufewa a barci, zaburar nan da yake yi ita ce ke buɗe masa hanyar iska. Maganin barci yana ƙara sake naman maƙogwaro, yana kuma danne zaburar. Masu Prader-Willi kuma dama jikinsu ba ya saurin farkawa idan oksijin ya yi ƙasa ko gurɓatacciyar iska ta taru a jini.

Washegari a tsakiyar ɗaki, ɗalibai a tsaye, iyayen yara na kallo, babban likitan ya ce, "Tun yaushe nas ta fara gyara wa likita rubutu?" Kafin azahar takardar tuhuma ta iso hannuna. Ƙaramin likitan bai ce uffan ba, ban kuma riƙe shi ba, jarrabawarsa na hannun mutumin.

Da izinin uwar na ɗauki bidiyon yaron a waya yana barci, na nuna wa likitar kunne da hanci da maƙogwaro. Ba ta gama kallo ba ta ce a kawo shi. Tansil ɗinsa, wato naman nan biyu na gefen maƙogwaro, sun kusa haɗuwa a tsakiya, naman bayan hanci ya toshe hanya. Hoton zuciya ya nuna ɓangaren dama ya ƙara girma, domin shekaru yana tura jini cikin huhun da jijiyoyinsa suka tsuke saboda ƙarancin iska. Daga nan kumburin ƙafar ya fito. Aka yi masa aiki, ya samu sauƙi sosai, kodayake minsharin bai tafi duka ba. Babu wanda ya dawo ya ce mini komai, kuma takardar nan tana cikin fayil ɗina har yau.

Daga lokacin na fara karatu a kan abin. A cikin yara masu lafiya, ɗaya zuwa biyar cikin ɗari ne ke da toshewar numfashi a barci. A cikin masu ciwon Down kuwa, wanda ake haihuwar yaro da shi yana kawo jinkirin girma da koyo, rabi ne ko fiye, saboda harshe ya cika baki, tsakiyar fuska a matse, naman jiki a sake. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a yi wa kowane yaro mai Down gwajin barci kafin ya wuce shekara huɗu, ko da iyaye sun ce ba sa jin komai. Mu a ɗakinmu ba mu da na'urar wannan gwaji. Abin da muke da shi nas ce a farke da na'urar yatsa, don haka rahoton dare bai kamata ya zama takardar da ake wucewa ba a karanta ba. Kada kuma ku auna yaro da ma'aunin babba: a babba sai ɗaukewar ta kai sau biyar a awa ake ƙirga ta ciwo, a yaro sau ɗaya a awa ma ya isa a damu.

Kowane irin yaro da inda tasa ke toshewa. Jaririn da aka haifa da ƙaramar haɓa da tsagewar ganɗa, lalurar da ake kira Pierre Robin, harshensa ne ke faɗawa baya idan aka kwantar da shi rigingine, don haka a asibiti a rub da ciki ko a gefe ake kwantar da shi, ido na kansa. Wadanni kuma ƙashin tsakiyar fuska ne gajere. Kada ku manta da 'yan sikila da ke cika mana gadaje, su ma tansil ɗinsu na yawan girma, kuma faɗuwar oksijin da dare ba ta yi musu kyau.

Sauran a taƙaice. Cire tansil ba ya gama magana a irin waɗannan yara, da yawa abin na saura, wasu sai sun kwana da na'urar CPAP mai tura iska ta hanci don kada maƙogwaro ya rufe, ita kuma tana son wuta. Kada a sallame su ranar da aka yi aikin, daren farko shi ne mai haɗari. Kada a ba su kodin bayan aikin, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai tun 2013 bayan mutuwar yara. Oksijin kaɗai yana iya gyara lambar na'ura alhali maƙogwaron na rufe. Ku tambayi uwa ko yaro na fitsarin kwance, ko yana tashi da ciwon kai, ko a zaune yake barci. Idan ta ce wanzami ya riga ya cire masa beli, kada ku yi mata faɗa, ku nuna mata cewa toshewar tana can baya inda askarsa ba ta kaiwa.

In an rubuta maganin barci ga yaro mai minshari, ku kira likita ya zo gaban gadon, ku rubuta lokacin da kuka kira shi da abin da ya ce, ku sa hannu. Wannan rubutun ne kaɗai ya tsaya mini ranar da na je amsa tuhuma.