Kafin ka ce a sare ɗanye

Wani yaro da aka ba hediman kwanan nan a wata gonar kwakwar manja, na same shi tsaye a kan masu girbi yana cewa su sare duk wani kan kwakwa, wato curin 'ya'yanta, da ya fara ja, ko ya nuna ko bai nuna ba, don wata ya zo ƙarshe kuma nauyi bai cika ba. Na ce, "Ɗana, ka duba gindin bishiyar tukuna, 'ya'ya sun zubo?" Ko kallona bai yi ba ya ce, "Baba, tan nawa ake tambayata a ofis." Sai na rasa ta cewa, don ni ma da bakina na taɓa ba wani dattijo irin wannan amsa.

Lokacin da nake riƙe da leburori, sikeli ne alƙiblata. Na san sarai cewa kan kwakwa ba ya cika da mai sai ya fara zubar da 'ya'ya da kansa, kuma waɗannan da suka zube sun fi ko'ina mai. Amma tsintarsu na cin lokaci, nauyinsu bai taka kara ya karya ba, sai na ce a wuce. Suka tsiro a gindin iyayensu, muka dawo muna biyan kuɗin feshi don kashe su. Na san ya kamata abin da aka sare ya isa injin matsa cikin awa 24, in ba haka ba tsamin man ya hau, kuma masu saye ba sa son ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Duk da haka nakan bar kaya su kwana a bakin hanya, tunda an riga an rubuta min su a littafi.

To amma a yi min adalci. Wa ya taɓa ba ni lada don man ya yi kyau? Kuɗin ƙwazo a kan nauyi ake biya, ina da iyali, manaja kuma na da nasa manajan. Ko yau aka mayar da ni can ban rantse zan yi dabam ba.

Abin da ba ni da hujja a kansa shi ne mutane. Mutum ya wuni yana ɗaga lauje mai doguwar ƙota, wuyansa a sage, ƙaya ta huda masa tafin hannu, ni kuwa in zaftare masa lissafi wai ya kawo ɗanye, alhali ni na sa shi. Mata masu feshi suka nemi safar hannu da takunkumi, na ce sai ranar da masu duba gona za su zo. Ranar kuwa kowa fes, washegari a kwashe a mayar sito. Na sa an yi feshi har bakin rafin da su kansu suke ɗiban ruwa. Da aka fara kawo mana zancen RSPO, ƙungiyar da aka kafa a 2004 don gyara harkar manja, dariya na yi, na ce surutun Turawa ne. Sai da hayaƙin gobarar dazukan Indonesiya ya turnuƙe maƙwabtanta a 2015, daga baya Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 kan kayan da aka noma a dajin da aka sare bayan 2020, sannan na gane surutun ya iso bakin sikelina.

Su kuma leburori suka rama, ba da faɗa ba. Takin da ya kamata a warwatsa sai a juye shi wuri guda a bayan ciyawa. Bishiyar da ke can ƙurya a tsallake ta. Gwanayen suka tafi ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da sababbi masu sare ganyen da bai kamata ba. Na riƙa cewa ba su da kishin aiki. Bishiya ce da sai ta kai kusan shekara 3 take fara haihuwa, ta yi ta bayarwa har wajen shekara 25, ina son mutumin da bai san ko zai karɓi haƙƙinsa ranar biya ba ya damu da ita!

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, ku matasa, amma na san ba za ku karanta ba, komai kuna so a gama yanzu-yanzu. Kada ku ci kuɗin mai girbi, ko na kai ɗaya ne. Ku bi manaja, kada ku yi masa gardama, shi ke riƙe da abincinku. A'a, in ya ce a yi feshi a bakin ruwa ko a sa wuta, ku ƙi, in ya so ya kore ku. Na san maganganun biyu ba su jitu ba, ku dai ku san yadda za ku yi. Kuma don Allah takardar makaranta ba ta koya wa mutum gane nunannen kai. Ku shiga cikin gonar ku tambayi tsohon da ya fi ku daɗewa, ko da sunansa bai iya rubutawa ba.