Kwalin kaset ɗin maigida, rana ta uku ga Sallah

Yau kwana uku da Babbar Sallah kuma sai yau na samu na miƙe ƙafa, don tun jajibere ban zauna ba. Suyar nama ta ƙare jiya da daddare, hannuna har yanzu ƙaurin kitse yake duk wankin da na yi masa, soyen kuwa na raba shi roba biyu na tura ɗaya ƙarƙashin gado saboda na san halin mutanen gidan nan, babbansu da yaransu. Wajen ƙarfe goma ƙanwata ta zo da mai keke ta kwashe yaran zuwa Tudun Wada gidan Innarmu yawon Sallah, sai gidan ya yi tsit, daga ni sai Abbansu, ga shi an ɗauke wuta tun asuba.

Bana ma ba mu je gida ba, Sallah ta huɗu kenan a jere muna yin ta a Gusau. Shi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maradun, da can ko me ake ciki can muke layya, amma hanya ta zama abin da ta zama, duk ɗan Zamfara ya sani ba sai na ɓata baki ba. Hajiyarsa ma an daɗe da dawo da ita, tana gidan wansa a Samaru. Ba ya son zancen. Amma ranar Sallah da suka sauko idi na leƙa ta taga na ga ya kashe mota ya daɗe a ciki bai fito ba, ban tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba.

To yau dai na ce ya taimaka ya mayar min da babban kaskon suya saman sito tunda tsayina bai kai ba, ya hau kujera yana mita, can sai na ji ya ce la'ila, ke zo ki gani. Wani kwalin madara ne duk ƙura da yanar gizo-gizo, tun tashinmu daga gidan haya ba wanda ya buɗe shi. Kaset ne cike, sun fi arba'in, wasu da hoton mawaƙin a jiki wasu kuma an rubuta da jan biro, a ƙarƙashinsu kuma rediyon mahaifinsa Allah ya jiƙansa, irin mai kaset ɗin nan mai hannu, eriyar ta karye an ɗaure ta da waya. Na ce wannan ai sai bola. Kallon da ya yi min kamar na zagi kakansa.

Muka aiki yaron maƙwabta ya sayo manyan batir guda huɗu, sai da ya zaga shago uku kafin ya samu, wai wani mai shagon har tambayarsa ya yi ko tocilan ɗin maigadi za a sa wa. Kafin ya dawo oga ya baje a kan tabarma a tsakar gida daga shi sai singileti, ya zura biro a ramin kaset yana juyawa a hankali don zaren da ya saki ya koma ciki, harshensa a waje kamar ɗan firamare yana rubutu. Na manta rabon da in ga abin nan wallahi. Ya hure kan rediyon, ya goge da auduga da ɗan turarensa, ya danna.

Da farko shuuu kawai kake ji, sai kuma kotso ya shigo. Ɗanƙwairo.

Ni fa gaskiya a da ina ɗaukar waƙoƙin nan na tsofaffi ne, irin wanda direban tasha ke sakawa ka yi ta gyangyaɗi har Funtua. Amma yau ban san me ya faru ba, ko don gidan shiru ne, ko don fuskar mutumin da ke gabana. Muryar siririya ce amma tana ratsa mutum, ya jefa magana 'yan amshi su cafe kafin ta faɗi ƙasa, su juya ta su miƙo masa, ba ka jin inda wani ya tsaya wani ya ɗauka. Abban yara ya rufe ido yana kaɗa yatsa a gwiwa. Mutumin da kullum Hausarsa rabi Turancin ofis ce, yau sai ga Zamfarci tsantsa yana zubowa. “Ke mi kis sani? Wanga shi na kiɗi. Ranar da munka gane shi da ido ina yaro, bisa kahwaɗar Baba nike, don mutane sun cika wurin ba ka ganin komi.” Na ce to Malam, a ci gaba da karatu.

Aiko ya ci gaba. Wai Alhaji Musa Ɗanƙwairo gadon kiɗan ya yi, ya daɗe yana bin wansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin, ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya rasu a 1991 lokacin ko jihar Zamfara ba a yi ba, sai a 1996 aka cire mu daga Sakkwato. Ya nuna min bambancin kotso da kalangu da hannunsa a kan robar wanki: kotso fuska ɗaya gare shi ƙasansa a buɗe, da hannu ake kaɗa shi, kuma kiɗan fada ne, kalangu kuwa fuska biyu ne ana matse shi a hammata a buga da makaɗi, shi ne na Shata. Daga nan ya sa Narambaɗa, mutumin Tubali mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, a nan kam na sallama, don rabin kalmomin ban san su ba, sai ya tsayar da kaset ya fassara min Hausa da Hausa sannan ya sake dannawa. Abin kunya, ni da na ci Hausa a jarrabawar sakandare nake ta taƙama.

Can cikin wata waƙar aka fara jero sunayen garuruwa, sai aka ambaci wani gari da ke kusa da nasu, inda suke cin kasuwa. Ya mayar da kaset ɗin baya ya sake ji. Ya kuma mayarwa. A na ukun na tashi na shiga kicin kamar zan duba wani abu, na ba shi minti biyar, na dawo da soye a faranti da yaji da ruwan randa.

Bayan azahar na ce to yanzu layina ne. Na ɗauko wayata, cajin saura talatin da ɗaya, akwai tsohon memori da wani mai dawunlodin ya cika min tun kafin data ta zama ruwan dare, na jona da 'yar sifikar yara. Waƙoƙin Sangaya na fara sakawa. Fim ɗin ya fito 1999, ina aji ɗaya a sakandare, kuma duk wadda ta yi 'yanmatanci a lokacin ta san abin da nake nufi, ba gidan biki ba islamiyya, ko'ina ka juya ita ake rerawa a ɓoye ko a sarari. A layinmu gida ɗaya ne ke da bidiyo, takalma a ƙofar falon matar nan kamar masallacin Juma'a, mu yi karo-karo a karɓo kaset haya, in hoton ya fara rawa a ce kan bidiyon ya yi datti a ciro a goge, mu kuma muna zaune muna addu'a kada a ɗauke wuta kafin a gama. Wajen lokacin ne aka ƙaddamar da shari'a a nan, aka rufe gidajen silima, to mu mata dama ba zuwa muke ba, falon nan shi ne silimarmu, har fina-finan Indiya da ba ma jin ko kalma ɗaya amma mu ba ka labarin tiryan-tiryan.

Oga ya taɓe baki wai kiɗan fiyano, na'ura ke yi ba mutum ba, ɗiyan yanzu ba su san daɗi ba. Ɗiyan yanzu fa, ni da 'yata ta kusa gama sakandare. Ban kula shi ba. Ba a yi minti biyu ba sai na ji ana bin baitin namijin daga bayana, kalma bisa kalma, har da inda ake jan murya. Na juyo na ce au, ashe ana taɓawa? Ya ce a shagon aski ya ji. Shagon aski tun 1999 har yau bai manta ba, Allah ya ƙara basira.

Muka shiga lissafin waɗanda suka tafi, abin ya ɗan sanyaya mana jiki. Shata 1999. Ahmad S. Nuhu ranar 1 ga Janairun 2007 a hatsarin mota, kuma ina tune da shi sarai don lokacin ma hutun Babbar Sallah ne irin wannan, muna suya labarin ya iso, yayata ta ajiye matsami ta shiga ɗaki tana kuka kamar ɗan gidanmu ne. Barmani Choge 2013, Ibro ƙarshen 2014, Ɗanmaraya Jos 2015. Allah ya jiƙansu. Da na ga zaman zai koma na makoki sai na lalubo Barmani na ƙure sifika, kiɗan ƙwarya ya tashi, na ci ɗamara da ɗankwali na shiga fili ni kaɗai a tsakar gida, irin rawar da rabona da ita tun sunan auta. Yana dariya har da tari, ya shiga ɗaki ya ɗebo sauran sabbin 'yan ɗari bibbiyu na barka da Sallah yana manna min a goshi. Na san an hana liƙi, amma a cikin gidanmu ne kuma kuɗin ba su taɓa ƙasa ba, duk na cafe, dubu ɗaya da ɗari shida, ba kuma zan mayar ba.

Da la'asar hadari ya haɗo ta gabas muka kwashe kayan muka koma falo. A nan ne na tsinci wani kaset a ƙasan kwalin, ba hoto ba suna, sai 2001 da aka rubuta a gefe. Na ce wannan fa? Ya ce bai tuna ba. Na sa da kaina.

Shirin zaɓi sonka ne aka ɗauka daga Rediyon Kaduna, da ƙarar iska da komai. Mai gabatarwa yana karanta katunan masu zaɓe, daga wane a gari kaza yana gaida wane da wane, sai kawai na ji cikakken sunan mijina, ɗalibi a jami'ar Sakkwato. Na gyara zama. Yana gaida mahaifinsa, yana gaida wansa, yana gaida abokansa na ɗaki su uku, sannan a ƙarshe, mai karatun har da sassauta murya, yana miƙa gaisuwa ta musamman ga tauraruwar zuciyarsa da ke Ƙauran Namoda.

Ni dai ko a mafarki ban taɓa zama a Ƙaura ba. Sunan kuma ko kusa bai yi kama da nawa ba.

Ya yi wuf zai kashe na riƙe hannun. Na ce bari mu ji waƙar da aka zaɓar wa tauraruwa mana, ai ba a bar gaisuwa a rabi. Ya fara rantse-rantse, wai wallahi lokacin bai ma san ni ba, ina 'yar ƙwaila, wai 'yar ajinsu ce kawai, wai abokinsa ne ya cike katin. Na ce abokin ne kuma ya zauna ya ɗauka a kaset ya adana shekara ashirin da ɗoriya, har ya biyo mu gida uku? Shiru. Sai can ya ce, “Maman yara, don muryar da ta ambaci sunan Baba nib bar shi.” Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma mutumin da ya yini yana sauraren Narambaɗa ba zai rasa abin faɗa ba. Waƙar da aka saka mata dai ta fiyano ce, wannan kiɗan da aka ce min na'ura ke yi.

Yara sun dawo ana kiran magariba jiƙe sharkaf, aljihu cike da alawa da canji. Auta ya ɗauki kaset ɗaya yana jujjuyawa ya ce Umma ina ake sa masa caji. Babbar kuwa ta ji Ɗanƙwairo na tashi ta ce la, ai wannan sautin yana TikTok, Abbanta ya kalle ta ya kalle ni ya girgiza kai.

Yanzu sha ɗaya ta wuce, an kawo wuta, ruwa ya tsagaita. Yana falo har yanzu da rediyon a kan cinya ya rage murya, batir ɗin ya fara sanyi muryar Ɗanƙwairo tana ja kamar mai jin barci. Ya ce gobe zai kai wa Hajiya ta ji. Kaset ɗin 2001 kuwa yana cikin jakata, kuma goben tare za mu je Samaru, don ina da tambaya ɗaya da zan yi wa Hajiya game da Ƙauran Namoda.