Wata guda ina auna hayaƙin cefanena

Wata guda cur na yi ina tara rasit a cikin wani tsohon gwangwani. Duk abin da na saya, ko allura ce, sai na rubuta. So nake in san yawan iskar kabon, wato hayaƙin da ke ɗumama duniya, da sayayyata ke jawowa, tun daga gona ko masana'anta har zuwa hannuna.

Da farko na bi hanya mai sauƙi: ka shigar da kuɗin da ka kashe a kan abinci, sutura ko zirga-zirga cikin wata manhaja, ita kuma ta ninka da wani adadi ta ba ka kilo. Kwana goma na yi a haka kafin in gano inda gizo ke saƙa. Na sayi takalmi mai tsada, manhajar ta ɗora mini hayaƙi ninki uku na mai araha, alhali nauyinsu ɗaya, fatarsu ɗaya. Haka in farashin mai ya tashi, sai ta ce na ƙara gurɓata iska, ko da ban ƙara ɗigo ɗaya a tanki ba. Ashe farashi take aunawa.

Sai na koma lita da kilo. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3 na kabon dayoksaid. Na daɗe ina musun wannan da kaina, domin litar kanta ba ta kai kilo guda a sikeli ba. Daga baya na fahimta: kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da oksijin idan ya ƙone, giram 12 ya koma 44. Lita 60 na sha a watan, kilo 138 ke nan. Gas ɗin girki kilo 12 ya ba ni wajen 36.

Naman shanu ne ya ba ni kunya. Binciken da wasu masana biyu, Joseph Poore da Thomas Nemecek, suka fitar a 2018 ya nuna kilo ɗaya nasa na iya kaiwa kilo 60 na hayaƙi, saboda iskar metan da shanu ke gyatsawa da dazukan da ake sarewa don kiwo. Kaza wajen 6, dangin wake ƙasa da haka nesa. Kilo 3 kacal muka ci a gida, amma a lissafin ya zarce fetur ɗina duka. Na san matsakaicin duniya ne, kiwo ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma ko an raba shi biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Ni kuwa da a kan leda nake ta faɗa a gida! Sharar leda matsala ce ta daban, ba na musu, amma ta fuskar hayaƙi litar fetur ɗaya ta fi ledoji hamsin.

Wayata ce ta zo ƙarshe a littafin. Na ɗauka caji ne ke ci, ashe kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙinta tun wurin ƙera ta ya fita. Gilashinta ya tsage a watan, har na fara duba sabuwa. Na kai ta wurin mai gyara, ga ta nan a hannuna.